Jama'a, "joinder" ɗin nan na lauyoyi, wato kotu ta ƙara wani mutum cikin shari'ar da ake kan yi, me za mu ce masa da Hausa?

Yayana na haya a wani shago a Tudun Wada, ya biya kuɗin shekara 2 a hannun dillali, rasit na nan a cikin leda. Mai shagon ya rasu, magada suka maka shi a kotu wai ba su ga ko sisi ba. Lauyansa ya ce zai roƙi kotu ta yi joinder na dillalin, Yaya ya juyo ya ce min kai ɗan boko fassara min, wallahi na yi ta kame-kame.

Da na tambaya nan, wani malami daga Kawo ya ce "shigar da wani ƙara". To matsalar ita ce shigar da ƙara mun riga mun saba da shi a kan kai ƙara tun farko, mutum zai ɗauka sabuwar shari'a aka buɗe, alhali wadda ake ciki ce. Wata Hajiya ta ce a ce "kiran shaida" a huta. Hajiya ki yi haƙuri, nan ne ma kuskuren yake, shaida ya faɗi abin da ya gani ya karkaɗe rigarsa ya hau Keke ya tafi gida, shi kuwa wanda aka yi wa joinder sunansa zai hau takardar ƙara, a kai masa sammaci, ya kare kansa, kuma duk hukuncin da aka yanke ya hau kansa. Tun 1987 a shari'ar Green da Green mai shari'a Oputa na Kotun Ƙoli ya bayyana wanda ya zama dole a sako: wanda in ba ya nan ba za a iya raba gardamar da adalci ba. Dillalin nan kenan, kuɗin a aljihunsa suka kwana.

"Jonawa" kuma da samari ke so, ni dai wayar NEPA take tuna min. "Shisshigi" zagi ne.

Wani dattijo da ya daɗe yana tafinta ya ce su "sakowa" suke cewa, an sako wane cikin ƙara. Ta zauna min. Na gwada a kan Yaya daren jiya, na ce lauya zai nemi alƙali ya sako dillali cikin ƙarar, bai ko tambaye ni ba, sai cewa ya yi "Yauwa, ya zo ya faɗi inda ya kai kuɗina."