Yaron da aka buɗe wa ƙoƙon kai sau biyu: dashen ƙashi zai kama?

Hajiya Asabe, Garwa: Assalamu alaikum likitoci. Yaro mai shekara 4, an yi masa aikin kai sau biyu, an mayar da ƙashinsa, amma hoton sikana ya nuna ƙashin yana narkewa. Yawan aikin ne ya jawo? A sake dasawa yanzu ko a jira?

Dokta Bello, Marwa: Wa alaikumus salam Hajiya. Yawan aikin na da hannu sosai. Ƙashin da aka cire ba shi da jini nasa, sai ya jira jijiyoyi su tsiro cikinsa daga wuri uku: tantanin da ke manne da ƙashi ta waje, dura da ke rufe ƙwaƙwalwa ta ciki, da bakin lafiyayyen ƙashin da ke kewaye. Duk buɗewa tana mayar da waɗannan tabo, tabo kuwa jininsa kaɗan ne. Sai jiki ya cinye tsohon ƙashin kafin ya gina sabo. A yara narkewar nan ta fi ta manya yawa nesa ba kusa ba, musamman idan ƙashin ya farfashe, ko akwai tazara a bakinsa, ko yana motsi, ko an sa bututun janye ruwan kai.

Dokta Mariya, Njamena: Kafin maganar sake dasawa, a tabbatar babu ƙwayar cuta. Idan akwai mugunya, kumburi ko zazzaɓi, a cire ƙashin, a ba da magani, a jira kamar wata 6. A duba dura kuma: in ta yage, bugun ƙwaƙwalwa zai yi ta faɗaɗa ramin, komai kyan dashen. Sannan a bi tsohon layin yanka. Sabon yanka kusa da tsohon yana kashe fatar da ke tsakani, dashen ya fito fili.

Dokta Bello: Haka ne. Ƙasa da shekara 2 dura kan cike rami da kanta, amma ɗan shekara 4 ya wuce nan. In sikana ta nuna kauri, a tsaga ƙashin gefen kansa gida biyu a ɗauki na sama. In bai kai ba, a ɗauko daga haƙarƙari. Simintin ƙashi ba ya girma tare da yaro, farantin ƙarfen titaniyom da ake ɗaure dashen da shi kuma kan nutse ciki yayin da kai ke girma, shi ya sa farantai masu narkewa da kansu a jiki suka fi. Kafin ranar aiki, Hajiya, ya sa hular kariya, ban da hawa babur.