Jami'o'inmu da jerin duniya: ina za a kai yarinya?

Baban 'yan biyu: Assalamu alaikum jama'a. 'Yata za ta cike JAMB bana, kimiyyar noma take so. Na duba jerin jami'o'in duniya na mujallar Times Higher Education, sai na ga jami'o'in Ibadan da Legas da Covenant da ake cewa su ne kan gaba a ƙasar nan ba su ko kusa da 200 na farko, alhali Cape Town ta Afirka ta Kudu tana ciki. Jikina ya yi sanyi wallahi. Ku ba ni shawara.

Malamin kimiyya: Wa'alaikumus salam Alhaji. Su masu jerin nan bincike suka fi aunawa: takardu nawa malamai suka wallafa a mujallun da Scopus, wato rumbun bayanan mujallun bincike, ke lissafawa, sau nawa wasu masana suka kafa hujja da su, sai yawan malamai da ɗalibai 'yan ƙasashen waje. To wane baƙo ne zai turo ɗansa inda ASUU ta yi yajin aiki wata 9 a 2020, ta sake wata 8 a 2022? Ni da kaina samfuran da na yi wata shida ina tarawa sun lalace a firiza saboda ɗauke wuta, ga janareta ba mai. Daga farko na sake. Har yau abin yana min ciwo.

Hajiya Babba: Allah Ya mayar da alheri Malam. Alhaji, kafin komai ka tabbatar hukumar kula da jami'o'i ta NUC ta amince da kwas ɗin a jami'ar da za ta je.

Kawu na Samaru: Tunda noma ne, ABU Zariya. Cibiyar binciken aikin gona ta IAR tana nan Samaru, ita ke fitar da irin masara SAMMAZ da wake SAMPEA da manomanmu ke shukawa. Yarinya za ta ga gonakin gwaji da idonta, ta taɓa ƙasa da hannunta.

Anti Malama: BUK ma kada a manta, akwai cibiyar noman busasshiyar ƙasa da Bankin Duniya ya tallafa wa. Kuma ga kusa da gida in kuna Kano.

Baban 'yan biyu: Na gode ƙwarai, Allah Ya saka. Kawu, ranar Asabar zan shigo Zariya da ita. Za ka samu ka raka mu?

Kawu na Samaru: Ku taho da sassafe, kafin rana ta yi zafi.