A taimaka da kalma: sinadarin da ke cikin shayi da gahawa

Mai Shirin Lafiya: Salamu alaikum. Gobe ƙarfe 10 na safe zan shiga situdiyo, shirin a kan masu juna biyu ne da shan shayi. Likita ta ce kada mai ciki ta wuce miligiram 200 na caffeine a rana, sauran manya kuma 400. In na ce "kafin" a rediyo, mai sauraro zai tsaya jiran kafin me. Ga kuma kofi abin sha, ga kofi mazubi. Ya zan yi?

Nas ta Asibiti: Mu dai a awon ciki cewa muke "sinadarin hana barci", kuma mata suna ganewa. Don Allah Yaya ki ambaci goro. Wata za ta rantse ba ta shan Nescafé, alhali goro bai bar bakinta tun safe.

Ɗan Damagaram: Hana-barci kawai, kamar hana-salla da hana-ƙarya. Ginin kalmar na gida ne.

Direban Tirela: Sauro ma hana-barci ne. Ni nan sai mai shayi ya haɗa min Lipton biyu da Nescafé, babu madara, in sha in yi minshari.

Malamin Hausa: Ku dakata. Na daɗe da ƙirƙiro mata suna: FARKAU, daga farka. Gajere, mai daɗin faɗa, ba aro. Ɗalibaina sun saba da shi. Har yaushe za mu riƙa bara a ƙofar Turawa?

Nas ta Asibiti: Allah gafarta Malam, mantau ai mai mantuwa ne, makarau mai makara. Kenan farkau wanda ya farka ne, ba abin da ya farkar da shi ba.

Malamin Hausa: Hajiya, allura taki ce, nahawu namu ne. Ma'ana tana faɗaɗa.

Ɗan Damagaram: Malam, to shayin fa? Daga Larabci muka karɓo shi, su ma asalinsa daga Sin. Gahawa Larabci, sukari Larabci. In za a kori baƙi, tirenka zai koma fanko. Mu nan Nijar "kafeyin" muke ji a bakin likitoci saboda Faransanci, kuma ba ya karo da "kafin". Wanda ya zauna zagaye uku na shayin Buzaye bayan isha'i ya san aikinsa ko bai san sunansa ba.

Malamin Hausa: Aron Larabci daban. Ya shekara ɗaruruwa yana cin tuwo da mu. Kuma ba daga Damagaram ake daidaita Hausa ba.

Ɗan Damagaram: Daga ina ake yi? Kano? Ku da kuke ce wa shayi "ti"?

Ɗalibin Kimiyya: Ranku ya daɗe, wani Bajamushe mai suna Runge ne ya fara tace shi daga ƙwayar gahawa a 1819, sunan ma daga gahawar aka samo. In fassara ake so sai a ce "gahawin". Amma mai cin goro zai ɗauka babu ruwansa, kuma shi ne haɗarin.

Mai Shirin Lafiya: Jama'a, dare na yi. Ga abin da na rubuta: "kafeyin, wato sinadarin nan mai hana barci da ke cikin shayi, gahawa, goro da lemon kwalba irin su Coca-Cola." Sau ɗaya zan yi bayanin, daga nan kafeyin har ƙarshe. Kofi kuma na bar wa mazubi, abin sha gahawa.

Direban Tirela: A tasha ka ce gahawa, mai shayi zai ce babu. Ki ce Nescafé.

Mai Shirin Lafiya: Sunan kamfani ne, manaja zai ce talla na yi kyauta.

Malamin Hausa: Shi kenan, ku yi ta aro. Amma ko sau ɗaya ki ce "wasu masana na kiransa farkau".

Nas ta Asibiti: Masana nawa, Malam?