Neman shawara: aikin feshin fenti ne ke taɓa hantar maigidana?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Maigidana ya shekara 8 yana feshin fenti a wata masana'anta. Kullum ya dawo warin tina na tashi a jikinsa, kansa na sarawa, sai ya sha farasitamol ya kwanta. Kwanan nan aka gwada jininsa, likita ya ce ALT, wani sinadarin hanta da ake aunawa a jini, ya hau. An duba ciwon hanta na B da C, babu ko ɗaya, kuma ba ya shan giya. Yanzu abokinsa ya kawo masa wai maganin wanke hanta. Hankalina ya ƙi kwanciya. Shin ba aikin hanta ba ne ta kashe guba?

Wani mai harhaɗa magunguna: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ba shi lafiya. Aikinta ne, amma ba kullum abin ke ƙarewa lafiya ba. A hanta akwai wani enzayim, wato sinadarin jiki mai sarrafa wasu sinadarai, mai suna CYP2E1, shi ke kama ƙananan sinadaran da mutum ya shaƙa, ya liƙa musu oksijin domin su narke su fita ta fitsari. Tolwin, wanda ke da yawa a tina, galibi haka yake fita. Wasu kuwa, abin da enzayim ɗin ya mayar da su ya fi na farkon mugunta. Misali, sinadarin benzin in ya bi ta hanta, abin da ya rikiɗe ya zama yana bin jini har ɓargo, ya lalata ƙwayoyin jini, yana ma iya jawo sankarar jini. Haka binil kulorayid da ake yin robar PVC da shi: a 1974 aka gano wata sankarar hanta da ba a cika gani ba a jikin ma'aikatan wata masana'anta a Louisville ta Amurka.

Abin da ya fi damuna a labarinki shi ne farasitamol ɗin kullum. Wannan enzayim ɗin dai shi ke mayar da wani ɓangarensa guba mai suna NAPQI, sai gulutatayon, wani sinadarin kariya da hanta ke ajiyewa, ya kashe ta. In gubar ta fi ƙarfin gulutatayon ɗin da ke ajiye, ƙwayoyin hanta ke ɗanɗana kuɗarsu. Giya, ƙiba, ciwon suga da doguwar yunwa duk suna ƙara wa CYP2E1 ƙarfi. Shi kuwa ALT alama ce kawai cewa ƙwayoyin hanta sun ji rauni, ba ya faɗin dalili. Kitse a hanta ma na ɗaga shi, a duba wannan.

Wani tsohon mai fenti: Ƙanwata, ki tambaye shi da me yake wanke hannu in an tashi aiki. Mu da tina muke wankewa, ba mu san fata ma na tsotsa ba. Takunkumin ƙura kuma ba ya tare tiriri, sai mai gwangwanin gawayi a gefe, shi ma in mutum ya fara jin wari ta ciki, gwangwanin ya gama aiki, a sauya. Ya nemi safar hannu, ya tube kayan aikin can kafin ya taho gida. Ciwon kan nan jiki ne ke cewa iskar wurin ta yi kaɗan.

Wata ma'aikaciyar jinya: Don Allah Yaya, kar ya sha maganin wankin nan. Shi ma ta hantar zai bi, kuma ba ku san abin da ke ciki ba.

Mai tambaya: Na gode, Allah ya saka da alheri. Na tambaye shi, da tinar yake wankewa. Likita ma bai san irin aikinsa ba, don bai faɗa ba.

Mai harhaɗa magunguna: To ku koma ya faɗa. Ya ɗauki hoton bayanin da ke jikin gwangwanayen fenti da tinar, ya nemi takardar bayanin haɗarinsu a wurin aiki, ya kai wa likita tare da adadin farasitamol da yake sha a mako. In akwai benzin a ciki, ya roƙi a ƙidaya masa ƙwayoyin jini.