French Martini yana fita babu kumfa, launinsa kuma ya koɗe

Mai_Sheka:
Barkanmu da aiki. Ina neman taimakon waɗanda suka daɗe a bayan kanta. Ana haɗa French Martini da vodka, Chambord (barasa mai zaƙi ta 'ya'yan itacen rasberi) da ruwan abarba, to amma namu yana fita salam, babu kumfar nan mai kauri a sama, launin ma maimakon ruwan hoda sai ya yi kamar ruwan ƙasa. Ma'auni ne matsalar ko girgizawa?

Yaya_Ladi:
Ƙanena, fara duba ruwan abarbarka, don daga nan kumfar take fitowa. Vodka da Chambord ba sa kumfa. Idan na kwali ne wanda aka tsinka da ruwa aka ƙara sukari, ko ka kwana kana girgizawa ba za ka samu abin kirki ba. Samo abarba nunanna, a markaɗa, a tace da rariya mai laushi, a saka a firji, a kuma yi amfani da ita a ranar. Ta kwana biyu takan fara tsami.

Ma'aunin da ke zama daidai ga kofi ɗaya: vodka mililita 60, ruwan abarba 45, Chambord 15. Ƙungiyar masu haɗa giya ta duniya, IBA, tana ba da 45 da 15 da 15, amma wannan ya fi kaifi kuma kumfarsa ba ta da yawa, shi ya sa wurare da dama suke ƙara abarbar. Kada Chambord ya wuce 15. Zaƙinsa yana da nauyi, da ya kai 25 ko 30 sai ya danne abarbar gaba ɗaya.

Ka cika gwangwanin girgizawa da ƙanƙara har kashi biyu cikin uku, ka rufe, ka girgiza da ƙarfi na daƙiƙa 12 zuwa 15, har gefen gwangwanin ya yi raɓa hannu ya ji sanyi. Girgizawar sanyin jiki ita ce ke kashe kumfa. Sannan a tace sau biyu, da matatar gwangwanin da ƙaramar rariya, don ɓarɓashin ƙanƙara kada ya faɗa ciki ya fasa kumfar.

Baban_Kanta:
Abin da Yaya ta faɗa haka yake, sai dai bari in ƙara da maganar ƙanƙara, domin a nan aka fi samun ɓarna. Inda wuta ke yawan ɗaukewa, ƙanƙara takan fara narkewa a cikin kula kafin a taɓa ta. Irin wannan jiƙaƙƙiya tana zuba ruwa fiye da kima, abin sha ya zama lami. Girgizawa mai kyau tana ƙara ruwa kusan kashi ɗaya cikin huɗu, kuma ana son hakan, amma fiye da haka ɓarna ce. A ɗebo manyan ƙwayoyi busassu kai tsaye daga firiza, a tsiyaye duk ruwan da ya taru kafin a zuba.

Batun launi kuwa, duba kwalbar Chambord ɗin. Ƙarfinsa kashi 16.5 ne kawai cikin ɗari, ba kamar vodka mai kashi 40 ba da za ta shekara a buɗe lafiya lau. Idan aka buɗe shi ya yi wata shida a kan kanta cikin zafi da hasken fitila, iska takan juya launinsa zuwa ruwan ƙasa, ƙamshin 'ya'yan itacen ya tafi. A rufe shi gam, a ajiye a wuri mai sanyi da duhu. In babu shi, ana iya sa crème de cassis na Dijon (wata barasa mai zaƙi ta 'ya'yan itace daga Faransa), amma ɗanɗanonsa daban ne, launinsa ya fi duhu, don haka a gaya wa baƙo kafin a zuba masa.

Kofin ma ya shiga firiza minti goma tukuna. Kofi mai ɗumi ko mai sauran sabulu da maiƙo yana cinye kumfa nan take.

Mai_Sheka:
Na gode ƙwarai. To ado fa, tunda rasberi ba ya samuwa a kasuwa?

Yaya_Ladi:
Siririn yankan abarba a bakin kofi ya wadatar, ko rabin sitiroberi na Jos idan lokacinsa ne. Kada a jefa abu mai nauyi a kan kumfar, nutsewa zai yi. A kai teburi da zarar an zuba, kafin kumfar ta kwanta.

Abu ɗaya da ya kamata mai zubawa ya riƙe: zaƙin abarba yana ɓoye ƙarfinsa. Kofi ɗaya a wannan ma'aunin yana ɗauke da barasa zalla kusan mililita 26, wato dab da barasar da ke cikin babbar kwalbar giya ta santilita 60. Wanda zai tuƙa mota kada a ba shi, kuma a ajiye ruwan sha a gefe. Ga baƙon da ba ya shan barasa, zoɓo mai kauri mililita 30, ruwan abarba 90 da ɗan matsin lemun tsami, a girgiza su haka nan a gwangwani dabam da aka wanke tas. Launin da kumfar duk suna fitowa.