Lambar shasin Corolla kafin naƙal milkiyya

Baban Ummi: Salamu alaikum jama'a. Akwai Corolla 2016 da ƙanena ke son saya a haraj, wato kasuwar motoci ta Jidda. An ce a duba lambar shasi kafin a yi naƙal milkiyya, wato sauya sunan mai mota a takardu. A ina take a jikin motar?

Ɗan Karantina: Wa alaikumus salam. Tsaya ta waje ɓangaren direba, ka leƙa ƙasan gilashin gaba, can kusurwa. In babu, buɗe ƙofar direba, akwai sitika a jikin ginshiƙin.

Bakaniken Hindawiyya: Alhaji, kada ka tsaya kan waɗannan biyun. Sitika ana ɓamɓarewa a liƙa wata, farantin lambar da ke ƙasan gilashi ma ana sauya shi. Wadda ake dogaro da ita ita ce wadda aka buga a jikin ƙarfen motar. A Corolla ka ja kujerar mai zaman banza baya, za ka ga an yanka kafet kamar ɗan murfi, ɗaga shi ka haska tocila. Haruffa da lambobi 17 ne cif, kuma babu I, babu O, babu Q a ciki. Duk abin da ka gani zagaye sifili ne. Ka ɗauki hotonta, ka jera ta da rakam haikal (lambar shasi) da ke kan istimara, wato takardar rajistar motar, ku bi ɗaya bayan ɗaya, wani na karantawa wani na dubawa. Inda ido ke yaudarar mutum: S da 5, B da 8, Z da 2.

Abin da ke jefa mutane cikin wahala shi ne motar da ta yi mummunan haɗari aka yanko ƙasan wata daga tashlih, inda ake farfasa matattun motoci, aka haɗa. Shafa yatsa kewaye da lambar. Ƙarfen kamfani sumul yake, haruffan zurfinsu ɗaya, layinsu a miƙe. In ka ji tudun walda, ko fentin wurin ya fi na kewaye sabunta, ko wani harafi ya karkace, ka bar motar komai arharta. Ranar fahas, wato gwajin lafiyar mota, za a gano, murur ('yan sandan hanya) su riƙe ta, mai sayarwa kuma ya kashe waya. In tsatsa ce ta rufe lambar, ɗan kananzir da tsumma sun isa. Kada a sa sanfefa ko giranda, domin wurin da aka kankare shi kansa abin zargi ne.

Maman Walid: Allah ya saka da alheri Malam. Hilux ma a ƙarƙashin kujerar take?

Bakaniken Hindawiyya: A'a Hajiya. Hilux da Land Cruiser a jikin ƙarfen shasin ake bugawa, ɓangaren dama, kusa da taya. Sai an durƙusa an goge laka.

Direban Misfala: Ku duba harafi na goma, shi ne shekarar mota. G 2016, H 2017, J 2018, K 2019, L 2020. In mai mota ya ce 2016 ka tarar da F, to 2015 ce, a rage kuɗi. Na farko kuma ƙasar da aka ƙera ta: J Japan, K Koriya, W Jamus, L Sin.

Ɗan Karantina: Shi ya sa nake cewa in ba J ba ce ba Toyota ba ce.

Direban Misfala: Haba ɗan'uwa! Camry ɗin da suka cika titunan nan kafin 2018 daga Ostareliya aka kawo su, da 6 lambarsu ke farawa. Hilux kuma MR, ta Tailan. Wa ya taɓa raina su?

Ɗan Karantina: Ƙarfen Japan daban ne, ko ka ƙi ko ka so.

Kawu na Rusaifa: Ku bar musun nan. Baban Ummi, sa lambar a Mojaz, manhajar duba tarihin mota, ka biya kuɗin rahoto, zai nuna maka haɗurran da aka rubuta mata da yawan hannun da ta bi. Sai dai kada ka rikita rakam haikal da rakam tasalsuli (lambar siriyal ta rajista), duka biyun suna kan istimara amma kowanne daban. Lambar inji ma daban take. Gyaran da aka yi a bayan fage kuwa ba zai fito a rahoton ba, dole bakanike ya ɗaga motar ya duba ƙasanta.

Maman Walid: Kawu, in an sauya inji fa, sai an sanar da murur?