Muhawara: Wai talauci gado ne?

Malamin Firamare: Assalamu alaikum jama'a. Yau raina a ɓace yake, ku yi haƙuri in na cika ku da surutu. Akwai wata yarinya a ajina na biyar, tun da na fara riƙe alli ban ga kaifin ƙwaƙwalwa irin nata ba. An cire ta daga makaranta. Ƙaninta ne zazzaɓin cizon sauro ya haye wa ka, aka kwantar da shi har da ƙarin jini. Uban mai faci ne, sai da ya sayar da keken ɗinkin uwar kafin a sallame su. Keken nan kuwa shi ke kawo na cefane. Yanzu yarinyar ce ke ɗaukar tallan awara. Jiya na hango ta a bakin tasha da bokiti a ka, tana ganina ta laɓe bayan wata adaidaita. Tun 2004 dokar UBE, wato ta ilimin bai-ɗaya, ta ce karatun shekara tara kyauta ne kuma dole, amma yunifom da littattafai da kuɗin tara wa zai biya? Ni dai na gama yanke hukunci: a ƙasar nan talauci gado ne. Ɗan mai shi ya gaji makaranta da likita, ɗan talaka ya gaji bashi da bokitin talla.

Alaramma: Subhanallah. Malam, ka janye kalmar nan ta gado. Gado shi ne abin da mamaci ya bari shari'a ta raba. Arziki da talauci rabon Allah ne, yana bai wa wanda ya so ya hana wanda ya so. Ka yi istigfari.

Ɗan Kwari: Allah ya saka da alheri, Alaramma. Ni da ledar kayana na shigo Kano, dako na fara yi a Kantin Kwari, yau ga shago ga yara a ƙarƙashina. Ubana ko akuya bai bar min ba. To ina gadon? Zuciya ce kawai ta mutu wa mutane. Ku dubi Dangote mana.

Ɗalibin BUK: Alhaji, da ka bar Dangote a gefe, don ka kawo wa Malam hujja ne da hannunka. Mahaifiyarsa jikar Alhassan Dantata ce, attajirin da ba a yi kamarsa ba a Afirka ta Yamma a zamaninsa. Ba wanda ya ce bai yi aiki ba, amma ba daga dako ya taso ba. Sannan mutum nawa kuka fara dakon tare? Ina sauran suke yanzu?

Ɗan Kwari: Kai yaro, ban sa da kai ba. Ka gama karatun tukuna ka nemo na kanka, sannan ka zo mu zauna.

Nas ɗin Unguwa: Alaramma, Allah ya gafarta Malam, ba ƙaddara Malamin Firamare ya musa ba. Bari in faɗi abin da nake gani a ɗakin awo. Mace ta zo da ciki wata bakwai, ka ja fatar idonta ka ga fari fat, ba jini. Ka tambaye ta me take ci, ta ce koko da safe, tuwo da miyar kuka da dare. Ta haifi ɗa ƙarami, nono bai ishe shi ba, a yaye shi da kunu zalla. Daga ɗaukar ciki zuwa cikar yaro shekara biyu, wato kwana dubun farko, a nan ƙwaƙwalwa ke ginuwa, abin da aka rasa a lokacin da wuya ya dawo. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 37 cikin ɗari na yara 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, a Arewa maso Yamma kuwa sun haura rabi. Yaron da tamowa ta taɓa shi ne gobe zai zauna a aji ana ce masa daƙiƙi. Ku kira shi gado, ku kira shi duk abin da kuka ga dama, daga cikin uwa dai yake farowa.

Alaramma: Malama, ai kin dawo kan maganata. Ba gado ba ne, jarrabawa ce. Annabawa ma an jarrabe su da rashi. Kalmar ce ba ta dace da bakin Musulmi ba.

Ɗalibin BUK: Alaramma, da girmanka, ai mu Hausawa muna cewa ya gaji ubansa a faɗa, ko ciwon suga gadon gidansu ne. Ba wanda ya taɓa cewa saɓo ne. Don me sai da aka zo kan talauci?

Ɗan Kwari: Suga a jini yake. Talauci a jini yake? Ke Malama nas, akwai gwajin da ake yi a ga talauci a jinin mutum?

Nas ɗin Unguwa: Akwai kuwa, Alhaji. Gwajin yawan jini muke yi, kuma kafin sakamako ya fito nakan san daga wane irin gida mace ta zo.

Hajiya Mai Atamfa: Ku bar zagaye-zagaye. Ni mazan nan nake tuhuma. Mutum 'ya'yansa ba silifas a ƙafa, ran da ya samu 'yan canji sai ka ji ana kai lefe gidan wata. Uwa ta yi wankau, ta yi kitso, ta yi adashe, ita ce makaranta ita ce kemis. Da keken uwar aka tashi sayarwa, me ya hana shi sayar da wayarsa?

Mai Adaidaita: Haba Hajiya, kin san irin wayar da ke hannun mai faci kuwa? Ko ledar ruwa ɗaya ta asibiti ba za ta saya ba. Kada ku ɗora mana laifin da ba namu ba. Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafin mai, in na fita tun asuba, na sha mai, na cire balas ɗin mai mashin, abin da ke saura ba ya kai kwanon masara da magi. Naira dubu 70 ta mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a 2024 ta mai albashi ce, mu wa ya san da zamanmu? Matata ɗaya, wallahi, kuma ko inshorar lafiyar da ake faɗa ban taɓa ganin kalar katinta ba.

Ɗan Kwari: Hajiya, ki iya bakinki a kan sunna. Matana uku, ba wadda ɗanta ke talla. Kowane ɗa da arzikinsa yake zuwa.

Hajiya Mai Atamfa: Na ambaci sunanka, Alhaji? Mai kaza a aljihu dai ba ya jimirin as. Sunna da adalci da ciyarwa aka haɗa ta, ko ba haka ba Alaramma?

Alaramma: Haka ne, ciyarwa wajibi ce a kan miji. Amma ni har yanzu ina jiran Malam ya janye kalmarsa.

Jar Hula: Duk wannan ja-in-ja, da an bar Madugu ya ci gaba da aikinsa da ba a zo nan ba. 'Ya'yan talakawa nawa Kwankwaso ya tura ƙasashen waje karatu, suka dawo likitoci da matuƙa jirgi? Ga Gwamna Abba ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a 2024. Mu mun karya gadon talauci a aikace.

Ɗan Ganduje: Ka ji ka! Wa ya ƙaddamar da ilimi kyauta kuma dole har sakandare a 2019? Ku dai kun iya ɗaukar hoto. Je ka ƙauye ka ga yara zaune a ƙasa.

Jar Hula: A ƙasan da kuka bar su shekara takwas? Kada ka sa in buɗe baki, ka san abin da zan tuna maka.

Ɗan Ganduje: Buɗe mana, mu ma muna da namu a ajiye.

Ɗalibin BUK: Ku duka biyun ku saurara. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar a 2022 cewa mutum miliyan 133, kashi 63 cikin ɗari, suna cikin talauci ta fuskar abinci da lafiya da ilimi da muhalli, kuma mafi yawansu a Arewa suke. Wannan ya fi ƙarfin hular kowa.

Ɗan Kwari: Lissafin Turawa ne, so suke a daina haihuwa. Ni ba wanda ya zo ya ƙirga ni.

Ɗalibin BUK: Ofishin gwamnatin tarayya ne a Abuja, Alhaji.

Malamin Firamare: Jama'a, ni fa maganar yarinya na kawo. Alaramma, ban musa ƙaddara ba, Allah shi ne shaida. Cewa na yi gidan da aka haifi yaro yana yanke masa abubuwa da yawa tun bai san kansa ba. In akwai mai hali a cikinmu, keken ɗinki ɗaya zai mayar da ita aji.

Jar Hula: Ɗan Ganduje, ina jiran amsarka, kada ka gudu.

Shugaban Zaure: To, ya isa haka, dare ya yi. Ga abin da na fahimta. Mafi yawan waɗanda suka yi magana sun tafi a kan cewa kalmar gado kuskure ce, kuma Alaramma ya warware mana ita da ilimi, Allah ya ƙara masa lafiya. Alhaji na Kwari ya nuna mana da rayuwarsa cewa mai nema yana tare da samu, irin misalin da ya kamata matasanmu su riƙa ji ke nan, don ni ma a kasuwa na taso na kuma ga irinsu da yawa. Alƙaluman da Malama nas da ɗalibinmu suka kawo mun ji, amma takarda daban, abin da ido ya gani daban. Ɗalibi kuma ya koyi yi wa manya magana. Hajiya, batun ƙarin aure ba a nan ya kamata a tayar da shi ba. Siyasa dama mun hana, duk da dai gaskiya ce an tura yara karatu waje, wannan kowa ya shaida. Malam, muna jiran ka gyara kalmarka a rubuce. Na rufe wannan magana, duk wanda ya sake tayar da ita zan cire shi na kwana uku.